Wace kalma za mu sa wa "shibhu jazira" da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da darasin jugrafiya a wata makaranta da ke kusa da Mai Wurno, a gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Littafin da muke karantarwa da Larabci yake, amma yawancin yaran da Hausa suke magana a gida, don haka nakan fassara musu kowace kalma kafin mu wuce. Nahar kogi ne, buhaira tafki ce, jabal dutse ne ko tsauni, sahara kuwa hamada. Abin da mutanen nan ke kira hor, wato hanyar ruwan da ke cika da damina ta ƙafe da rani, ƙorama ta ɗauke shi ba tare da gardama ba. Inda na tsaya cik shi ne kan "shibhu jazira", ƙasar da ruwa ya kewaye ta ta ɓangare uku, ɓangare na huɗu kuma yana haɗe da tudu.

Wani yaro ne ya tono maganar. Na ce musu jazira tsibiri ce, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai mu ma kawunmu yana noma a Jazira, kuma a mota muke zuwa, ba mu taɓa shiga jirgin ruwa ba." Gaskiyarsa. Jazirar da ake noman auduga a cikinta tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 ƙasa ce da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, tana tsukewa har zuwa Mugran a Hartum inda kogunan biyu suka haɗu, amma ta kudu a buɗe take. Tsibiri na sosai shi ne irin Tuti da ke daidai mahaɗar nan, ko Aba da ke cikin Farin Nilu, inda Mahadi ya bayyana kiransa a 1881, ko tsohon garin Sawakin da kakanninmu suka riƙa tsallakawa Jidda daga cikinsa. Balarabe ya saki kalmar jazira ta yi faɗi tun da can, shi ya sa ya ce Jaziratul Arab, mu kuma muka bi shi muka ce Tsibirin Larabawa, alhali ƙasar nan ta arewa a haɗe take da hamadar Iraƙi da Jodan. A wa'azi wannan ba ya hana fahimta. A aji kuwa, inda za a tambayi yaro bambancin abubuwa biyu a jarrabawa, yana rikita shi. Shi ya sa na kawo maganar nan domin a taya ni nema.

Amsar wani ɗan'uwa daga Gadarif: Malam, Allah ya ƙara basira. A ganina ba a rasa kalma ba, domin gidajen rediyon Hausa sun daɗe suna cewa zirin Koriya, kunnen mutane kuma ya saba. Abin da ya riga ya zauna a baki ya fi sabon ƙirƙira saurin shiga.

Amsar wani dattijo daga Kassala: Ɗana, mahaifina mutumin ƙasar Yawuri ne, kuma a bakinsa na ji ana kiran tsibirin cikin kogi gungu, mazauna cikinsa kuma Gungawa. Me zai hana a bar tsibiri ga wanda ruwa ya kewaye gaba ɗaya, a ba wa ɗayan gungu?

Na gode, Yaya, kuma na gode, Baba. Zan fara da maganar Baba domin ta ƙara mini ilimi, kuma na riga na rubuta gungu a littafina. Sai dai gungu, kamar yadda Baba ya bayyana shi, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, saboda haka Tuti da Aba su ne gungu. Idan muka ɗauke kalmar muka ɗora ta kan abin da masu ita ba su nufa ba, mun gyara wuri ɗaya mun ɓata wani, kuma ranar da yaron nan ya haɗu da mutumin Yawuri ba za su fahimci juna ba. Gara mu bar ta a inda take, mu ci ribarta wajen bambanta tsibirin kogi da tsibirin teku.

Maganar ziri ta fi ɗaukar mini lokaci, domin hujjar Yaya mai ƙarfi ce. Amma ziri a Hausa abu ne dogo siriri, kuma rediyon da ke cewa zirin Koriya shi ne ke cewa Zirin Gaza, wanda tsawonsa kimanin kilomita 41 ne, kuma teku ta gefe ɗaya kawai ta taɓa shi. Ashe kenan kalmar siffar tsawo da ƙunci take nunawa, ba ruwanta da yawan ɓangarorin da ruwa ya kewaye. Ta dace da Gaza sarai, ta ɗan dace da Koriya, amma idan muka zo ƙasar Larabawa, wadda faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 3, Bahar Maliya na yammacinta, Tekun Larabawa na kudancinta, ruwan Haliji, wato Tekun Fasha, na gabashinta, babu Bahaushen da zai dubi taswira ya kira wannan ziri. Haka Sina'i, wadda siffarta mai kusurwa uku ce, faffaɗa ta arewa mai tsini ta kudu.

Na gwada wasu da kaina kafin in rubuto. "Kusan tsibiri" fassarar Larabcin ce kai tsaye, amma ba ta zama suna a jimla, domin idan ka ce kusan tsibirin Sina'i mai sauraro zai ɗauka kana nufin wani wuri kusa da shi. "Rabin tsibiri" yana sa yaro ya zaci an raba tsibiri biyu. Na so "tsibiri mai wuya" ƙwarai, saboda ɓangaren da ya haɗa shi da tudu kamar wuya yake ga kai, amma a rubuce ba a bambanta wuyan jiki da wuyar wahala, kuma ba kowace irin wannan ƙasa ce mahaɗinta yake siriri ba.

Abin da zuciyata ta kwanta a kansa shi ne "maƙalallen tsibiri". Kalmomin biyu duk na gida ne, tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane cewa tsibiri ne da bai rabu da ƙasa ba, kuma yana shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba: maƙalallen tsibirin Larabawa, maƙalallen tsibirin Sina'i, jam'insa maƙalallun tsibirai. Na san ya ɗan yi tsawo, kuma ban ce a daina faɗin zirin Koriya a labarai ba, tunda sunan ya riga ya bi wurin. Magana nake yi a kan sunan jinsin, wanda za a rubuta a allo a gefen kalmar Larabci. Ita kuwa Jazirarmu ta noma, sunanta ne, a bar mata, idan kuma yaro ya tambayi mece ce ita, a ce masa ƙasa ce tsakanin koguna biyu.

Na gwada kalmar a aji ranar Lahadi ba tare da na yi bayani ba. Na rataya taswira na ce a nuna mini maƙalallen tsibiri, sai yarinya ta farko da ta taso ta ɗora yatsa a kan Italiya. Darasin mako mai zuwa a kan halij, wato ɓangaren teku da ya kutsa cikin tudu, da madik, wato ƙunƙuntar hanyar ruwa da ta haɗa tekuna biyu, kuma Babul Mandab da ke bakin Bahar Maliya ta kudu zan ba da misalin madik da shi. Mashigin ruwa nake da niyyar faɗa wa madik, amma halij har yanzu ina jiran abin da Baba da sauran manya suka ji a bakin iyayensu.