Mun gama da Karzoug, ina za mu kai jarumanmu yanzu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Mu huɗu ne muke buga Pathfinder Adventure Card Game, wasan kati na haɗin kai da kowa ke riƙe da jarumi ɗaya, akwatin Rise of the Runelords. Makon jiya muka kammala fakiti na 6, Spires of Xin-Shalast, wanda shi ne na ƙarshe, babban mugun labarin Karzoug ya faɗi. Jarumanmu sun ƙoshi: Valeros, Merisiel, Harsk da Lini, kowa da katin matsayinsa mai ƙara masa ƙarfi da makaman da ya tara tun daga garin Sandpoint. Babu mai son ajiye nasa. Ƙanin matata zai taso daga Ingila nan da mako biyu, ya ce zai iya riƙo mini abin da bai wuce kilo uku ba. Shin akwai abin da zan saya da zai ba waɗannan jaruman damar ci gaba sama da mataki na 6? Ko mu haƙura mu ɗauko wani akwatin, Wrath of the Righteous, mu fara da sababbi? Wanda ya taɓa kaiwa ƙarshe ya faɗa mini yadda suka yi.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Ka fara da Rise of the Runelords, shi ne na farko, na 2013, ya fi sauƙin koyo.

Ɗan Fagge:
Malam, shi ne fa na ce mun gama.

Injiniya:
Me zai sa ka wahalar da surukinka da ɗaukar kwali? Akwai na waya da kwamfuta, Pathfinder Adventures, wanda kamfanin Obsidian ya fara fitarwa a 2016. Shi zai garwaya maka katunan, shi zai yi lissafi, kuma kowane zango kana iya sake buga shi a mataki mafi wuya.

'Yar Zariya:
Injiniya, labarin Runelords ɗin ne dai a wayar, zai koma Sandpoint da jarumi sabo fil. Ɗan Fagge, amsar tambayarka ita ce babu. Duk akwatunan a lamba 6 suke tsayawa: Skull & Shackles na 2014, Wrath na 2015, Mummy's Mask na 2016. Ƙananan fakitocin nan na Class Deck ma katunansu ba su wuce 6 ba, sababbin jarumai da kayan aiki kawai za su ƙara maka. Mu da muka gama, da kanmu muka haɗa zango uku na ƙari. Muka mayar da katunan albarka, waɗanda ke ƙirga zagayen da ya rage, 25 maimakon 30 don lokaci ya matse, muka ƙara wuri ɗaya a kan wanda doka ta ce, dodannin da ke da alamar Veteran kuma, masu ƙara ƙarfi gwargwadon lambar fakiti, muka lissafa su kamar muna fakiti na 7. Ya yi daɗi dare biyu. A na uku kowa ya ga babu abin nema, domin duk katin da ka buɗe wanda ke hannunka ya fi shi. Daɗin wasan nan yana cikin tsintar abin da ya fi naka, ranar da tsintuwa ta ƙare shi ma ya ƙare.

Baban Sadik:
Ku da kuka kai ƙarshe da jarumanku a raye ku gode wa Allah. Ni Seoni na riƙe tun zangon farko, wata da watanni muna haɗuwa duk daren Juma'a. Na yi mata duk abin da ake yi, har na ƙara mata yawan katin hannu zuwa 7, ina ganin ƙarfi ne. A fakiti na 5, Sins of the Saviors, wani yaron bos ya yi mini dukan da ya zubar da duk abin da ke hannuna. Kun san dokar, ƙarshen zagayenka dole ka cike hannu, in katunanka ba su isa ba jaruminka ya mutu. Biyar suka rage mini a ajiye, ina bukatar 7. Tun kafin zagayen ya zo kaina na roƙi mai riƙe da Kyra ya zo wurin da nake ya yi mini magani, don ita sai kuna wuri ɗaya take mayar maka da katunan da ka zubar. Ya ce in yi haƙuri, akwai wani makami da Harsk ya leƙo a wurin da yake, ba zai bari ya wuce shi ba. Abokina ne tun makarantar kwana. Ya ɗauki makaminsa, Seoni ta mutu. Na ce to a yi mini sassauci mu ɗauka zangon ne muka faɗi, mu sake. Mai akwatin ya buɗe littafin doka ya karanta mini: sabon jarumi, katunan da suka gaza fakitin da ake ciki da mataki biyu, babu ƙarin ƙarfi ko ɗaya. Na zauna da sabon Ezren dare biyu ina kallon mutane suna wasa, duk dodon da na buɗe sai an taimake ni. Daga nan ban sake komawa ba. Har yau ban ga fuskar Karzoug a kan tebur ba.

Bakatsine:
Inna lillahi. Allah Ya jiƙan Seoni, yaushe ne sadakar bakwai mu zo da ƙosai?

Baban Sadik:
Ka yi dariyarka. Mutumin nan ko a ɗaurin aure muka haɗu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Uban Tafiya:
Baban Sadik, na ji zafin abin, amma gaskiya ɗaya ce. Mai katuna biyar a ajiye da hannu 7 ba ya buɗe kati, zama yake ya jira magani ko lokaci ya ƙare. Faɗuwa a zango ba ta kashe kowa, sake bugawa ake yi. Mai akwatin bai zalunce ka ba.

'Yar Zariya:
Ya zalunce shi mana. Wasan haɗin kai ne, ba gasa ba. Mutum ya ba ku watanninsa, ku jefar da shi saboda layi ɗaya a littafi? Su kansu Paizo, masu wasan, da suka fitar da sabon akwatin Core Set a 2019 sun kawo makin jarumta da za ka iya tarawa ka fanshi jaruminka da shi in ya mutu. A teburinmu wanda ya mutu yana rasa katunansa mafi kyau guda uku, ya dawo da sauran ƙarfinsa.

Uban Tafiya:
Hajiya, wanda ya sauya dokar mutuwa ba zai ce ya gama wasan ba. Kun yi yawo ne a cikinsa.

Injiniya:
Shi ya sa na ce waya. Kana iya kashe mutuwar dindindin, babu mai ɓata wa wani.

Uban Tafiya:
Injiniya, da girmamawa, wanda bai taɓa zama ya raba katuna goma-goma a wurare shida da hannunsa ba, bai kamata ya sa baki a maganar akwati ba.

Injiniya:
Na gama fakiti shidan duka. Kai da bakinka ka taɓa cewa a Fortress of the Stone Giants ƙungiyarku ta watse, na 4 ke nan. Wa ya fi cancanta ya yi maganar ƙarshen wasa?

Ɗan Fagge:
Don Allah 'yan'uwa, surukina yana jiran amsa. In Wrath ne, nawa zan tura masa?

Ɗan Maraɗi:
Wrath ɗin za ka so shi in ƙarfi kake nema. Tun da wuri ake ba kowane jarumi katin hanyar mythic, wato ƙarfi na musamman, har ka riƙa jefa ɗan lido mai fuska 20, abin da babu shi a Runelords. Amma zangunan farkonsa sun fi na kowane akwati zafi, kada ku shiga da girman kan waɗanda suka kashe Karzoug. Ni na hannu na saya, cikakke da fakitocinsa, fam 70.

Bakatsine:
Fam 70? Wani ɗan ajinmu 130 ya biya, kuma babu fakitin ƙarin jarumai a ciki.

'Yar Zariya:
Farashinsa na asali dala 60 ne babban akwati, kowane fakiti dala 20, biyar za ka ƙara saya, 160 ke nan. Yanzu da ba a samunsu a ko'ina, kowa abin da ya ga dama yake faɗa. Wani fakitin shi kaɗai sai a ce maka kuɗin akwati.

Ɗan Maraɗi:
Kuma kilo uku zai yi wuya ya ɗauke shi da kwalinsa. Babban akwatin kati wajen 500 ne, kowane fakiti 110. Ka ce ya jefar da kwalin, ya ɗaure katunan da roba a leda.

Bakatsine:
Ya shigo da katuna dubu ɗaure da roba da 'ya'yan lido a aljihu, sai ya yi wa jami'an filin jirgi bayanin cewa ba gidan caca zai buɗe ba.

Baban Sadik:
Ko nawa ne kuɗin, ka fara tambayar mutanenka ukun nan abin da za su yi ranar da naka ya mutu. Ku rubuta a takarda kafin ku buɗe fakitin farko.

Mai Shago:
Ni dai gara kai da kake da mai riƙo maka. Skull & Shackles na saya ta hannun wani ejan mai kawo kaya daga Amurka. Ya ce kuɗin kilo kaza ne, kaya suka iso Legas ya ce ai da girman kwali ake lissafi, ya kusa ninka mini. Wata biyu kayan suna ajiye, da suka zo gefen kwalin ya sha ruwa, katunan jiragen ruwan sun manne da juna. Da na ƙirga kuma babu fakiti na 4 gaba ɗaya. Mai sayarwa ya ce ya sa, ejan ya ce haka ya karɓa.

Ɗan Maraɗi:
Haka suka yi mini da wani kwali ta Yamai. An yanka shi an sake liƙewa, kuma ba ka da wanda za ka kama. Ka biya kafin ka gani, in ka yi magana a ce ai takardu ne kawai.

Injiniya:
Nawa ne kuɗin kilo yanzu? Ina da kayan gyaran kwamfuta da nake son a kawo mini.

Mai Shago:
Ya danganta da jirgin sama ne ko na ruwa, kuma kada ka yarda da wanda ba zai auna a gabanka ta bidiyo ba. Ni yanzu fakiti na 4 nake nema, ko na hannu ne. Mun tsaya a ƙarshen na 3 da katunan matsayinmu a hannu, ba mu taɓa amfani da su ba. Ɗan Fagge, in surukinka yana da sauran wuri a jaka, 110 ne kawai katunan, zan biya kuɗin nauyin.