Badujala na danne muryoyin mawaƙa

Salamu alaikum. Muna shirya taron da zai haɗa ƙungiyoyin mawaƙa da 'yan badujala a ɗakin taro, ni ke kula da sauti. A wajen gwaji, da zarar masu bigila sun busa sai muryoyi su ɓace ɓat, motsin baki kawai ake gani.

Na ƙara wa makirufon mawaƙa ƙarfi, sai ya kwashi ƙarar bigila, lasifika ta kama ƙugi. Mun mayar da 'yan badujala bayan mawaƙa, abin ya ƙara dagulewa, ko junansu ba sa ji. An roƙe su su sassauta busa, amma kafin tsakiyar waƙa sun manta.

Don Allah, ina ya kamata a tsayar da 'yan badujala don a ji mawaƙa?