Ina neman hanyar keke da babu motoci a tsaunukan Alfis cikin watan Yuli

Assalamu alaikum 'yan uwa masu hawan keke. Don Allah ku taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai.

Ina zaune a arewacin Italiya, kuma bara na hau mashigar dutsen Stelvio daga ɓangaren garin Prato, hanyar nan mai lanƙwasa 48 da ke kai mutum tsayin mita 2,757. Ina cikin wata kwana, numfashi na sama-sama, sai wata motar 'yan yawon buɗe ido ta matse ni jikin katangar dutse har madubinta ya gogi gwiwar hannuna. Tun ranar, da na ji ƙarar inji a bayana sai ƙafafuna su mutu.

Na san ana rufe wa motoci mashigan dutse huɗu a Italiya ranar masu keke ta Sellaronda Bike Day, wato Sella, Pordoi, Campolongo da Gardena, amma a Yuni da Satumba ake yi. Ni kuwa hutuna Yuli ne, ba ya matsawa.

Wurare biyu na hango. Col de la Loze a Faransa, wanda ƙarshensa na masu keke ne kaɗai, sai dai gangarensa ya kai kashi 20 cikin ɗari a wasu wuraren, ina tsoron gwiwata. Sai Grosse Scheidegg a Suwizalan, daga Grindelwald, inda aka hana motocin jama'a amma bas ɗin gidan waya mai ruwan ɗorawa yana bi.

Wanda ya taɓa bin Scheidegg, in bas ɗin ya taho a kwana, akwai wurin raɓewa kuwa? Kuma ƙarfe nawa ya fi dacewa in tashi?