Faci mun samu, saura sunan abin da ke riƙe da shi

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina rubuta wa ɗalibaina bayanin Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren da ake yi wa lambobin manhaja, da Hausa, na iso kan zanen nan mai kibiyoyi da ke nuna wane gyara ne ya hau kan wane, sai na cije.

2/ "Patch", wato gyara guda da ake ɗora wa lambobin manhaja, dai ba gardama, faci ne. Mun daɗe da aron kalmar a bakin titi. Wani abokina ya ce maho ya fi zama Hausa tsantsa. Na yarda, amma maho na tela ne, kuma ɗan aji ɗaya a jami'a sai ya tsaya tambayar ma'anarsa. Asalin kalmar a kwamfuta ma liƙi ne: zamanin da ake huda umarni a jikin tef na takarda, in an yi kuskure sai a manne hujin. Daga baya Larry Wall ya fitar da manhajar patch a 1985. Mai faci ya fi tela kusa da wannan.

3/ Matsalar tana wajen "dependency". Ku tuna tsohon tub na keke da ya sha wuya. Mai faci ya nitsa shi a ruwa, kumfa ya taso daidai gefen wani tsohon faci. Ya kankare, ya shafa sholisho, ya ɗora sabo, rabinsa a kan roba, rabi a kan tsohon. Ɓamɓare na ƙasa, na sama ya bi shi.

4/ Haka ta faru da ni a watan jiya. Na so in tsamo gyara guda ɗaya daga sabon reshe (wato layin aiki na daban a Git) in kai tsoho. Git ya ƙi, ya ce akwai karo. Ashe layukan da gyaran ya taɓa, wani faci ne ya kawo su makonni kafin nan, shi ma yana zaune a kan wasu biyu. Na fita neman ɗaya, na dawo da huɗu, la'asar ta wuce ni. Masu kula da tsofaffin rassan Linux kullum cikin wannan aikin suke.

5/ An ba ni salsala, an ba ni nasaba. Suna da daɗi a kunne, amma na ƙi su, ga dalili. Git ya riga yana da nasabarsa: kowane gyara da aka ajiye ya san wanda ya gabace shi. Wannan jerin haihuwa ne kawai. Faci na 40 zai iya zuwa bayan na 39 alhali ko gaisawa ba sa yi, buƙatarsa tana wajen na 12. In muka kira duka biyun nasaba, mun rikita ɗalibi a daidai inda ya kamata ya bambance. David Roundy ya gina Darcs, wata manhaja mai aiki irin na Git, a kan wannan bambancin ne, inda facin da ba ruwansu da juna za su iya musayar wuri.

6/ Jingina ta kusa cin nasara, har na rubuta ta. Sai na karanta da ƙarfi: "an jinginar da faci na 12". Kai ka ce gona aka kai wa mai kuɗi.

7/ Inda na tsaya: dogaro. Faci na 40 ya dogara da na 12, na 12 shi ne madogararsa. Zanen kuma taswirar dogaro, tunda bin ta ake yi a ga hanya. Bishiya ba za ta yi ba, don rassan nan suna rabuwa su sake haɗuwa. Yanar gizo kuwa intanet ta riga mu.

8/ Saura ƙaya ɗaya. Manhajar git-deps ta Adam Spiers tana zana irin wannan taswira a burauza, ta hanyar tambayar git blame (umarnin Git mai nuna asalin kowane layi) wa ya kawo layukan da facin ya taɓa. Abin da take gani ke nan, layi kan layi. In faci ya kira wani aiki da aka rubuta a wani fayil daban, ba za ta ja kibiya ba. Zai manne lafiya lau, sai an kunna manhaja ta faɗi.

9/ Na farkon, na layi kan layi, na sa masa dogaron layi. Na biyun, wanda taswirar ba ta gani, na rubuta dogaron ma'ana, na goge, na rubuta ɓoyayyen dogaro, shi ma bai zauna mini ba. Malaman Hausa, ku da kuka fi mu kunne, wanne za ku bari? Ranar Litinin zan raba takardar.