Gambit ɗin Muzio: shin bayar da doki a taku na biyar yana da madogara?

Sabon Dakare:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana darar ces game da gambit ɗin Muzio (gambit shi ne buɗe wasa da sadaukar da ɗan dara don samun saurin kai hari), wato 1.e4 e5 2.f4 exf4 3.Nf3 g5 4.Bc4 g4 5.0-0 gxf3 6.Qxf3 (a rubutun ces, N doki ne, B bishof, Q sarauniya, R ruk, K sarki, x ci, 0-0 kuma ɓoye sarki). Sau uku aka buga mini shi a Lichess, shafin buga ces na intanet, cikin makon nan ina riƙe da baƙi, kuma duk da cewa na ci doki a sama, ban kai taku na ashirin ba a ko ɗaya daga cikin wasannin. Shin wannan sadaukarwa tana da tushe, ko kuwa ni ne ban iya tsaro ba?

Mai Doki Biyu:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Dubi allon bayan taku na shida: fari ya fito da sarauniya da bishof, ya ɓoye sarkinsa, ruk ɗinsa yana kan layin f, dukkansu sun auna f7, alhali manyan 'ya'yan baƙi ko ɗaya bai motsa daga gidansa ba. Wannan rata ta lokaci da fari ya samu ita ce kuɗin dokin. Tsohon salo ne, domin Polerio ɗan Italiya ya rubuta shi tun ƙarshen ƙarni na 16, sunan Muzio kuwa daga baya ya manne masa sakamakon kuskuren wani mai fassara.

Tsaron da aka fi yarda da shi shi ne 6...Qf6 7.e5 Qxe5, daga nan hanya ta rabu. Idan fari ya bi 8.d3 Bh6 9.Nc3 Ne7 10.Bd2 Nbc6 11.Rae1, to ka haddace 11...Qf5 12.Nd5 Kd8. A nan bayan 13.Qe2 Qe6 14.Qf3 Qf5 sau da yawa maimaita taku ake yi a tashi kunnen doki, wanda ke nuna iyakar abin da fari yake samu idan baƙi ya san karatunsa.

Tsohon Ɗan Wasa:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ya tsallake reshen da ya fi zafi, wato 8.Bxf7+ Kxf7 9.d4, inda fari yake ƙara bishof a kan dokin. Kwaɗayi ne yake kashe baƙi a nan. A wasan da gwanin ces Shirov ya buga da fari a garin Daugavpils na Latvia a 1990, abokin karawarsa ya ci dakaren (ƙaramin ɗan dara) da ke d4, sai 10.Be3 Qf6 11.Bxf4 ya buɗe layin f gaba ɗaya, aka kuma kashe sarkin baƙi a taku na 17 bayan Shirov ya bayar da sarauniya a f8. Abin da ya fi shi ne 9...Qf5, a bar dakaren nan inda yake, a hanzarta fito da doki zuwa f6.

Mai Doki Biyu:
Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai a ganina wanda bai daɗe da fara wasa ba bai kamata ya shiga wannan daji ba tun farko, tunda babu wanda ya tilasta masa 4...g4. Da 4...Bg7, sannan h6 da d6, zai riƙe dakarensa na f4 ba tare da ya buɗe wa fari ƙofa ba. Shahararren ɗan wasa Fischer ma, bayan gwani Spassky ya doke shi a Mar del Plata ta Ajantina a 1960, 3...d6 ya ba da shawara a 1961.

Sabon Dakare:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Zan fara da 4...Bg7, amma zan gwada Muzio da fari a wasannin minti uku.