Cikin 'yan ƙwallon da suka dawo daga jinya, wa ya fi cancantar lambar yabo?

Abban Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai lambar yabon da Laureus ke bayarwa duk shekara ga ɗan wasan da ya dawo fage bayan doguwar jinya ko wata jarrabawa. Ronaldo na Brazil ya karɓa a 2003, Christian Eriksen kuma a 2023, shi da zuciyarsa ta tsaya ana tsaka da wasan Denmark da Finland a 2021. Da ku aka ba alƙalanci, wa za ku miƙa wa?

Ni dai har gobe Ronaldo ne. Ya ji ciwo a gwiwa a Inter ƙarshen 1999, ya yi jinya, ya dawo a Afrilun 2000 a wasansu da Lazio. Shigarsa ke da wuya, 'yan mintuna kaɗan, jijiyar gwiwar ta tsinke, ya zube yana ihu riƙe da ƙafa. Kowa ya ce tasa ta ƙare. Sai ga shi a Kofin Duniya na 2002 da ƙwallo 8, biyu daga ciki a ragar Jamus ranar wasan ƙarshe. Wallahi duk sanda na tuna, sai tsigar jikina ta tashi.

Sadiq Gunners:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ga namu na gida ka tafi Brazil? Kanu ya ɗauko zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, likitocin Inter suka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Amurka. Ya koma Arsenal a 1999, ya zura wa Chelsea uku rigis cikin minti 15 na ƙarshe bayan an ci su biyu, ya sake zama gwarzon Afirka a shekarar. Kuma ya kafa gidauniyar da ke yi wa yara aikin zuciya.

Abban Safiyya:
Sadiq, ba na ja da Papilo, wato Kanu, ko kaɗan. Amma shi lalura ce aka gano, ni rauni a fili na fi nufi.

Malam Habu Koci:
In rauni ne, ku nemi labarin Santi Cazorla. Ciwon idon sawu ne ya zama masa ƙarfen ƙafa a Arsenal daga 2016. Tiyata kan tiyata, wurin ya harbu, ƙwayar cuta ta cinye masa agara kimanin santimita 8. Fatar hannunsa, inda ya yi zanen sunan 'yarsa, ita aka yanko aka lulluɓe ƙafar. A 2018 ya dawo wasa a Villarreal, a 2019 Sifaniya ta sake kiransa.

Amma ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Duk waɗannan da muke lissafawa suna da kulob mai kuɗi, da inshora, da likitan gashin ƙashi da ke bin su kullum. Ina horar da yara a filin unguwarmu. Bara wani mai tsaron baya a cikinsu, yaro mai ƙafar hagu da ban taɓa samun irinsa ba, ya karye a gasar unguwanni. Wajen mai ɗori muka kai shi, kuɗin hoton ƙashi ma sai da muka yi karo-karo. Ƙashi ya kama, amma a karkace. Yanzu yana ɗingishi, kuma duk yamma sai ya zo fili ya tsaya gefe yana tara wa ƙannensa ƙwallo. Da ni ke raba lambar nan, da shi zan fara.

Abban Safiyya:
Allah ya ba shi lafiya, Malam. Shin likitan ƙashi ya duba shi bayan ɗorin? Ana iya gyara irin wannan. In har akwai hali, ka turo mini saƙo ta gefe, mu ga abin da 'yan zauren nan za su iya haɗawa.