Kwamfuta tana ɗaukewa da kanta, ko fawa saflai ne?

Salam jama'a, don Allah a taimaka, abin nan ya ishe ni wlh. Kwamfutata ta tebur sai ta ɗauke ɗif ta sake tashi da kanta, kuma sai ina haɗa bidiyo take yi, in rubutu ne sai ta wuni lafiya lau. Tunda na sa mata katin sarrafa hoto RTX 3060 na kamfanin NVIDIA abin ya fara. Na sake Windows, na kaɗe ƙura, manhajar gwaji ta MemTest86 ba ta ga komai a RAM (memori) ba, zafinta bai wuce digiri 70, ga sanyin Jos ma. Na zaci wutar nepa ce amma ko a janareta haka take, saƙon matsala na Kernel-Power 41 kawai nake gani a Windows. Fawa saflai ɗina (abin da ke ba kayan cikin kwamfutar wuta) tsoho ne, 450W, NVIDIA kuma 550W suka ce a sa wa katin. Ya zan tabbatar shi ne kafin in kashe kuɗi a sabo?